Ni Na Buɗe Wa Tsofaffin Ƙofa

Ran babbar sallar da ta wuce, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke kayan ciki, Khadija, 'yar Yaya Kabiru, ta zo ta tsaya a kaina da tsokar nama a hannu. Yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Ta ce:

"Gwaggo Ummi, wai ke kika kashe Kaka?"

Ba da mugunta ta tambaya ba. Yadda za ta tambayi ko akwai sauran kunu, haka ta tambaya, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin maganar ta zauna a gidanku har ta zama kamar tabarmar tsakar gida, kowa na takawa ba ya ko dubawa. Na ce mata ta je ta wanke hannu. Ni ba mai faɗa ba ce, duk dangi sun shaida. Tun ina ƙarama aka san ni da zama a gindin zogale ina kallon gajimare har tuwo ya huce. Amma ranar nan tambayar ta ƙi fita daga raina. Shi ya sa na rubuta wannan babi dominku, ku 'ya'yan Yaya Kabiru, ku karanta idan kun yi hankali. Mahaifinku wana ne, ba zan zage shi a gabanku ba. Amma ba zan ƙara yin shiru ba.

Kakanku, Malam Sale, malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Wurno da Unguwar Ya da Yalwan Damai, yana duba tsutsa a ganyen wake, yana faɗa da manoma a kan tazarar shuka. Duk wannan yawo a kan babur ɗaya ya yi shi, baƙi, mai salansa biyu, mai nauyi kamar ɗan maraƙi, wanda ya girmi mahaifinku. Kafin in yi wayo, sababbin babura marasa nauyi sun cika Birnin Kudu, kayan gyaran irin nasa sun ɓace a kasuwa, ko Kano aka je sai a dawo hannu wofi. Masu irinsa sun sayar wa 'yan gwangwan, sai 'yan tsiraru da suka ƙi. Uku daga cikinsu ne aminan Baba. Akwai Baba Bitrus, Kirista ne, ya zo garin nan aikin asibiti tun yana saurayi, ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu. Akwai Baffa Jauro, Bafulatanin Yalwan Damai da ya zauna ya zama manomi. Sai Malam Bukar, tela a Gwaram, Babarbare mai saurin fushi da saurin dariya. Kowace Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, su shimfiɗa buhu, su zube sifanu, ni in kai musu ruwa.

Dokokinsu biyu ne, ba a rubuce suke ba, ba kuma wanda ya taɓa karya su. Ta farko, kayan gyara ba su da mai su. Babur ɗin da ke da tafiya a gabansa ya fi wanda ke tsaye haƙƙi, don haka in naka ya lalace, sai a kwance na wanda ke hutawa a sa maka. Kafiretar da ke jikin babur ɗin Baba ta Baba Bitrus ce, fitilarsa ta Malam Bukar ce, shi kuma burkinsa na asali yana can yana yawo a ƙarƙashin Baffa Jauro. Ta biyu, idan ɗayansu ya kwanta ciwo, sauran za su riƙa zuwa suna tayar masa da babur, kada injin ya daskare kafin mai shi ya tashi. Aikinsu rabi gyara ne, rabi tsiya.

"Jauro, daina shafa tankin nan, ba saniya ba ce. Miƙo mini sifana."

"Kai tela, matsa can. In aka bar ka da injin nan sai ka yi masa aljihu."

"Ku yi a hankali dai," in ji Baba Bitrus, "in kuka karya yatsa na daina ɗauri."

Baba ba ya cika magana a cikinsu. Sai ya kwantar da kai gefe, ya lumshe ido yana sauraron inji, can ya ce, "Fulogi ne," kuma fulogin ne.

A farkon daminar shekarar da nake faɗa muku, Baba ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita sai wani sauti mai nauyi kamar ana jan turmi a ƙasa. Da aka sallamo shi daga asibiti, aka kwantar da shi a ɗakin da ke jikin soro, inda tagarsa ke kallon babur ɗin. Mahaifinku ya rufe shagonsa a Kano ya dawo gida. Zan faɗi gaskiyarsa: shi ke goya Baba zuwa banɗaki, shi ke yi masa aski, shi ke yanke masa farce. Ban taɓa cewa ba ya ƙaunar Baba ba. Sai dai yana ƙaunarsa ne yadda ake ƙaunar tulu mai tsaga, a ajiye a lungu, kada kowa ya taɓa. Kuma tun yana ɗan makaranta yake jin haushin babur ɗin nan, saboda yara sun sha yi masa dariya idan ya mace musu a ƙofar makaranta.

Tsofaffin ba su fasa zuwa ba. Kowace Juma'a sai su shigo soro, su gaida Baba ta taga, ɗayansu ya taka kik. Da injin ya kama, sai soron ya ɗauki ruri, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya shiga ɗakin. Inna ta yi ta mita daga tsakar gida wai za a shaƙe mata miji. Amma ni da nake zaune a bakin gadon, na ga abin da ke faruwa da fuskarsa. Mutumin da ya yi mako idonsa a rufin ɗaki, sai ya kwantar da kai gefe kamar da. Ya ɗaga hannun hagu ya yi musu alama a ƙara wuta, ko a rage. A wannan ɗan lokacin ba majinyaci ba ne, Malam Sale ne a cikin abokansa. Ranar Juma'a kaɗai yake shanye kokonsa tas.

Wata Juma'a Malam Bukar ya iso yana tura babur ɗinsa tun daga bakin gari, rigarsa sharkaf da gumi. Koyil ya ƙone. Ya leƙa ta taga ya ce:

"Sale, naka na kwance, nawa na da hanyar Gwaram. Ka san doka."

Ina nan riƙe da kofin kunu. Baba ya gyaɗa kai, ya miƙa hannun hagu ya nuna babur ɗin, har ya yi wani abu da rabin bakinsa da na san dariya ce. Suka tsugunna su uku, suka buɗe murfin gefe. Sun ciro koyil ɗin ke nan mahaifinku ya shigo daga kanti. Ya tsaya ya dube su, ya dubi abin da ke hannun Malam Bukar.

"Mene ne wannan?"

"Kabiru, sannu da zuwa. Aro ne, mahaifinka ya sani."

"Mutum na kwance da ransa, har kun fara rabon gado?"

Na fito da sauri na ce, "Yaya, Baba ne ya ba su, a gabana."

"Mutumin da bai san inda hannunsa yake ba, shi zai ba da wani abu? Shiga gida."

Bai tsaya nan ba. Ya fita ƙofar gida inda maƙwabta ke zaune a dakali, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce tun yana yaro yake ganin mutanen nan suna kwashe kayan ubansa da sunan abota, ya ce bai taɓa ganin ɓarayi da furfura ba sai yau. Mutanen da suka halarci sunansa. Baba Bitrus da ya taɓa kwana a kansa lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke shi. A cikin ɗaki Baba yana ta bugun gefen gado da hannun hagu, yana jan wannan sauti nasa, ba wanda ya juya ya tambaye shi abin da yake so. Malam Bukar ya sake tsugunnawa. Ya mayar da koyil ɗin, ya ɗaure kowane noti, ya rufe murfin, ya goge shi da bakin rigarsa. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce:

"Wallahi ƙafata ba za ta sake taka soron nan ba."

Ya kama mataccen babur ɗinsa ya tura, sauran biyun suka bi bayansa.

Daga nan gidanmu ya yi tsit. Gero ya yi tsayi, ya fara fitar da kai, Baba kuwa ya juya fuskarsa ga bango. Idan Juma'a ta zo, da an sauko daga masallaci sai ya juyo ya zuba wa tagar ido har magariba, sannan ya koma ga bangonsa. Koko ya riƙa komawa kicin yadda aka kawo shi. Mahaifinku ya sayo magunguna masu sa cin abinci, ya canza katifa, ya kawo fanka. Duk abin da ake saya ya saya. Na yi wa Inna magana, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Shi ne namiji a gidan yanzu, Ummi. Me kike so in ce masa?"

"Ki ce masa Baba bai mutu ba."

"Ke dai kin cika magana kamar littafi."

Kada ku ɗauka mahaifinku kaɗai nake fushi da shi. Tsofaffin nan ma sun ba ni haushi, har yau kuma da sauransa a raina. An zage su, gaskiya ne. Amma su sun tafi da ƙafafunsu, sun koma gindin wata bishiya a ƙofar gidan Baba Bitrus sun ci gaba da gyaransu da tsiyarsu, suka bar wanda ba zai iya tashi ya bi su ba. Mutuncinsu suka ɗauka suka tafi da shi, abokinsu suka bari. Wata safiya na ce wa Inna zan je Gwaram. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba, sai ta ciro babban mayafinta ta miƙo mini. Na shiga mota, ina kallon duwatsu da gonaki suna wucewa, ina shirya kalamai masu taushi da zan roƙe shi da su. Da na iske Malam Bukar a shagonsa yana taka keke, duk suka gudu suka bar ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jiki.

"Yana nan yana kallon bango, Baba Bukar."

"Allah ya ba shi lafiya. Kin dai ji rantsuwar da na yi."

"Na ji. Ku rana ɗaya aka zage ku. Shi kullum ake binne shi kaɗan-kaɗan, kuma har da hannunku a cikin masu zuba ƙasar. Dokar taku ta babur ce kawai? In inji ya kwanta ku zo ku tayar, in mai shi ne ku bar shi ya daskare?"

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, ban kuma sake ba. Keken ya tsaya. Malam Bukar ya ɗago ya dube ni.

"Sale ya haifi 'ya," ya ce a hankali. "To ya kike so a yi? Na ambaci sunan Allah, Ummi."

"Kada ka shiga. Ni zan fito muku da shi."

Ku lura da wannan, domin a nan ake karkatar da labarin. Ba su suka kitsa ba. Ni ce. Kuma kafin in yi komai sai da na zauna a bakin gadon Baba na tambaye shi, abin da ba wanda ya yi tun da ya kwanta. Na ce, "Baba, su Baba Bukar za su zo ran Juma'a. Kana so ka fita?" Ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa na hagu har sai da shatin yatsunsa ya fito. Idan wannan ba amsa ba ce, to ban san mece ce amsa ba.

Ran Juma'ar nan mahaifinku ya tafi Dutse karɓo magani. Bayan la'asar na zare sakata na buɗe ƙofar soro. Suna tsaye su uku. Malam Bukar a kan nasa babur ɗin ya zo, domin Baba Bitrus ya cire koyil ɗin nasa ya sa masa, shi kuwa Baba Bitrus ya zo a ƙasa. Inna, wadda ba ta ce mini komai ba duk makon, ta riga ta sa wa Baba farar rigarsa ta Juma'a. Baba Bitrus da Baffa Jauro suka shiga suka turo babur ɗin waje, suka koma suka tallabo Baba suka zaunar da shi a kujera a gindin darbejiya. Malam Bukar yana tsaye, yatsun ƙafarsa dab da dokin ƙofa. Da suka haɗa ido da Baba sai ya kau da kai ya ce:

"Dubi yadda ka rame, kamar Bafulatani."

"Ka ji shi ko, Sale?" in ji Baffa Jauro. "Wata nawa bai yi rashin kunya ba, ta taru ta yi masa yawa."

Babur ɗin ya ƙi tashi. Suka ciro fulogi suka kankare, suka zubar da tsohon man da ya kwana a kafireta, Malam Bukar ya zuƙo fetur da tiyo daga tankinsa ya tofar yana tsine wa ɗanɗanon. Baffa Jauro ya yi ta taka kik har rawaninsa ya kwance. Can injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Baba Bitrus ya riƙe hannun Baba ya saurari bugun jininsa, ya duba idonsa, sannan ya hau gaba. Aka ɗora Baba a tsakiya, Baffa Jauro ya zauna a baya ya rungume shi, aka zagaye su da rawanin nan aka ɗaure. Malam Bukar ya ciro wani abu daga aljihu, ashe ya ɗinko matashi mai kauri da igiya, ya ɗaure shanyayyiyar ƙafar a kai don kada salansa ta ƙone ta bai ji ba. Suka tafi a hankali, kamar masu ɗauke da ƙwai, shi yana bin su a baya. Na tsaya a ƙofa har farar rigar ta shige kwana.

Ban bi su ba, don haka abin da ya faru a hanya daga bakin Baffa Jauro na ji shi. Hanyar Wurno suka bi, tsakanin gonakin gero. Ya ce manoma suka riƙa miƙewa daga cikin kunya tun kafin su ga kowa, saboda sun gane ƙarar. Wani tsoho ya jefar da fartanya ya biyo su yana kiran "Malamin Gona". Suka tsaya a bakin wata gona, Baba ya nuna wake da hannu yana girgiza kai, mai gonar ya ce, "Na sani, Malam, na cika shi da yawa, ka yi haƙuri."

Mahaifinku ya riga su dawowa. Ya ga soro wayam, ya ga gado wayam, ya dube ni. Bai mare ni ba, da ma ya mare ni. Muka tsaya a ƙofa, shi a wancan gefe ni a wannan, har muka ji ƙarar daga nesa. Da suka tsaya aka kwance rawanin, fuskar Baba ta yi ja, idonsa na ruwa saboda iska, hannunsa na hagu ya cukuikuye rigar Baba Bitrus ya ƙi saki. Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinku ya sunkuya zai ɗauke shi. A nan Baba ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya dubi abokansa, bakinsa ya yi ta kokawa, ya fitar da kalma ɗaya, ta farko da muka ji sarai tun faɗuwarsa:

"Gobe."

Kowa ya ji. Mahaifinku ma ya ji. Ya ɗauke shi ya shige ciki, ya dawo da sarƙa da kwaɗo ya ɗaure ƙafar babur ɗin, ya ce duk wanda ya sake zuwa ƙofar nan sai dai su haɗu a gaban hukuma.

Baba ya rayu har aka yi girbi aka kai amfani gida. Ciwon ya sake buge shi, Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki mahaifinku ya faɗa wa duk wanda ya zo cewa iska da jijjigar hanyar ranar nan ne suka ƙarasa shi, kuma ni na buɗe ƙofa. Tsofaffin sun bi gawa har maƙabarta, Baba Bitrus yana tsaye daga gefe, ba wanda ya ce musu sannu. Kafin a yi arba'in aka kira 'yan gwangwan suka ɗora babur ɗin a sikeli, da kafiretar wani da fitilar wani a jikinsa, ba a tambayi masu su ba, su ma ba su zo nema ba. Tun daga lokacin, idan na gaida mahaifinku sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ni ba likita ba ce, ban san abin da fitar nan ta yi wa jijiyoyin Baba ba, kuma ajali ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun mahaifinku ba.

Abin da na sani shi ne abin da na gani washegarin fitar. Da sassafe Baba ya yi ta nuna ƙusar da hularsa ke rataye har Inna ta sauko da ita ta sa masa. Ya nuna takalmi, ta sa masa a ƙafar da ke motsi da wadda ba ta motsi. Ya sa aka jingina shi da bango yana fuskantar ƙofa. Haka ya zauna, a shirye tsaf, rana ta fito ta raba tsaka ta karkata. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai ya kwantar da kai ya saurara, sannan ya miƙe wuya. Da aka kira magariba, shi da kansa ya ɗaga hannun hagu ya cire hular ya ajiye a kan cinyarsa. Bai sake neman ta ba.

Idan kun girma, ku tambayi mahaifinku a ina yake a wannan yini. Yana cikin soro, a zaune, makullin kwaɗon a aljihunsa.